Ashirin Ba Ɗaya

Tun da Tabawa ta tafi Haɗejiya zaman jegon Hansai
aka bar mini akurki.
Shekara talatin ina kwana kusa da shi,
ban san kowace kaza da sunanta ba.

Rana ta rataya a wuyan ɗinya.
Na jingine fartanya, jar ƙasar Sankara a dugadugaina,
na dama dusa a tsohuwar ƙwaryar nan mai ɗinki uku,
na watsa tsaki,
na gwada kiran da take yi da harshe.
Suka karkata kai, suka dube ni da ido ɗaya
kamar baƙon da ya ɓata gaisuwa.
Yunwa ce ta sasanta mu.

Kasko sai an wanke, in ji ta,
kar a ɗora sabon ruwa kan na jiya.
Ɓawon maɗaci biyu a ciki, ba uku ba.
Ƙadangare ya sauko daga katanga ya sha rabonsa,
ya gyaɗa mini kai; shi ya fi ni daɗewa a aikin.

Sai shara.
Na durƙusa, gwiwata ta yi ƙara irin ta ƙyauren zaure,
na kwashe kashi cikin buhu don gonar barkono,
na barbaɗa toka lungu-lungu saboda ƙuma.
'Yan tsaki bakwai da ta rina da galura
don shirwa ta yi musu kallon tsumma,
na kife su a kwando, na ɗora dutse.
Zabbi ba su shawara da kowa:
sun haye darbejiya suna zagin gari.

Liman ya gyara murya, na tsaya bakin akurki ina ƙirga.
Durgu ta shiga. Fingi ta shiga, gashi a tashe kamar an ba ta labari.
Ja biyu, fara huɗu.
Zakara ya tsaya sai matansa sun gama wucewa.
Sha bakwai, sha takwas,
ashirin ba ɗaya.

Na sake. Ashirin ba ɗaya.
Wake-wake ce babu.

Na haska tocila bayan banɗaki, cikin rama, gindin turmi.
Na nemi gashi a bakin rariya inda muzuru ke bi.
Ko sili.
Bayan isha'i waya ta yi kuka.
«Ka ƙirga?»
«Na ƙirga.»
«Sun cika?»
Na dubi taurari, ba su tanka ba.
«Sun cika,» na ce, na tambayi lafiyar jariri.

Mako huɗu ina ɗauke da ƙaryar nan
kamar tsakuwa a takalmi.
Har kasuwar Ringim na je neman mai kama da ita;
Cindo dillali ya ce zanen wake ba ya zuwa biyu.

Yau da la'asar sakaliya, ƙwarya a hannuna,
na ji wani siririn kuka ƙarƙashin rumbu.
Ta fito a rame, ƙirji a tsige, tana harara,
bayanta 'yan mitsi-mitsi goma sha ɗaya
masu zane a ka da jan ƙafa.
Ba nata ba ne. 'Ya'yan zabbi ne.

Ban jira isha'i ba, na kira.
Tabawa ta yi dariya har jaririn ya farka.
«Ni na zuba mata ƙwan, daren da zan taho.
Ita ma jego take. Na ce bari in ji
yaushe za ka faɗa mini.»

Na rufe akurki, na tokare da guntun turmi.
Ban san lissafin da zan bayar gobe ba.
Tuwon da na ɗora ya kama.